Baba da Ƙarfen Barandar Benenmu

Tun kafin komai ya faru, ni dai hankalina bai taɓa kwanciya da ƙarfen barandar benenmu ba. Ba ni da hujjar da zan kai gaban kowa. Na silba ne, yana sheƙi kamar sabon tire, in rana ta bugo shi har ido yake kashewa. Mata in sun shigo sai sun shafa shi sun ce, "Kai, ku kam kun huta, silba ai ba ta tsatsa." Ni kuwa duk lokacin da 'yata ta ruga ta kama shi tana lilo, sai in kasa kunne. Wata 'yar ƙara nake ji daga gindinsa, ƙis, ƙis, kamar ana taka busasshen ganye. Ba wanda ke jin ta sai ni. Na gaya wa maigidana, don shi ya yi aikin da hannunsa, ya yi dariya ya ce, "Ke ko ƙadangare ne ya yi tari sai kin ce mutuwa ta zo." Daga nan na koma ɗaure yarinyar. In zan yi wanke-wanke ko girki, sai in ɗaura mata zani a ƙugu, in ɗaure ɗaya bakin a ƙafar gado, ta yi ta ihu tana fizga. Na gwammace ihun.

Yanzu ga shi mun binne surukina, mahaifin maigidana, wanda duk gidan muke ce wa Baba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Kuma ƙarfen nan ne ajalinsa.

A zaman makoki na ji magana iri-iri, don ni ke kai ruwa da tabarmi tsakanin cikin gida da bakin zaure. Wani mutum mai furfura ya zo daga Tudun Jukun, a da yaron shagon Baba ne, yanzu yana da nasa shagon walda. Ya ɗaga leɓensa yana nuna wa mutane gurbin haƙori, yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana cewa, "Shi ya fasa mini baki. Wallahi shi ne. Kuma duk lomar da na sa a bakin nan daga hannunsa ta fito." Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta gama addu'a ta shafa, ta sunkuyo wajen ta kusa da ita ta ce, "Allah ya jiƙan Malam, amma zuciya, zuciya." Da aka dawo daga maƙabarta, Baffa, ƙanin Baba, ya tare maigidana a ƙofar zaure a gaban jama'a ya kwaɗa masa mari, ya ƙara, ya shaƙe masa wuyan riga har maɓalli ya tsinke. Yana cewa, "Kai ka kashe mini ɗan'uwa! Kai!" Da ƙyar maza suka ɓamɓare shi. Maigidana ko hannu bai ɗaga ba, hancinsa na jini, ya tsaya kamar an dasa shi. Inna kuwa, uwar mijina, ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Cewa ta yi a kawo mata rigar da Baba ya faɗi da ita, wadda hannunta ya yage, ta zauna a lungun ɗaki tana ɗinkewa da allura.

Maganar da ta fi yawo ita ce, wai zafin zuciya ne ya kashe shi. Har a bakin famfo na ji yara suna faɗi. Ita ce ta sa na zauna nake wannan rubutu, ko da yake karatuna bai yi nisa ba. Ina wurin. Na ga abin da ya kai shi benen nan.

Ba zan ce muku Baba mai sanyi ne ba, don ƙarya a kan mamaci ba ta da amfani. Mafaɗaci ne, kuma yana duka. Ɗan maƙera ne tun kakanni, a gindin zugazugi ya tashi a nan cikin birni, daga baya ya koma walda, daga ƙofofin baƙin ƙarfe ya koma aikin silba lokacin da masu gini suka fara son ta a matakala da baranda. Yatsu uku ne a hannunsa na hagu. Inna ta ce faifan giranda ne, injin nan na yankan ƙarfe, ya tarwatse yana cikin aiki ya tafi da biyun. Ta ce ya cire hularsa ya naɗe hannun, ya sa a ɗaura sabon faifai, sai da ya ƙarasa yankan sannan ya yarda aka kai shi asibiti, jini na ɗiga tun daga shago har bakin titi. In yana tafe a lungunmu yara kan lafe jikin bango. Ni ma in na ji gyaran muryarsa a zaure, sai na duba ko mayafina na daidai.

Amma abin da ya fara haɗa ni da shi dariya ce. Ina amarya, ko wata ban yi ba, ya zauna a tsakar gida ya ce wa Inna a fito masa da kwanukan silbar da aka yi mini jere da su. Na ɗauka wani laifi aka gani a kayana. Na jido su na durƙusa daga nesa. Ya zaro wani mayen ƙarfe daga aljihu, wanda ya ciro daga cikin tsohuwar rediyo, ya riƙa manna wa kwanukan ɗaya bayan ɗaya. Wasu ya kama su caraf, wasu ya zame ya faɗi. Ya raba su gida biyu. Da yake ba ya yi mini magana kai tsaye, sai ya ce wa Inna, "Gaya wa 'yar nan, waɗannan da ya kama, kada ta bar miya ta kwana a ciki, gishiri zai ci su. Waɗannan kuwa dama-dama." Inna ta ce, "Kai Malam, yarinya ta zo da kayanta na fita kunya, ka zo kana yi musu tonon silili." Ya ce, "Duk sunansu silba, amma ba uwarsu ɗaya ba." Wannan maganar na ji ta a bakinsa ya fi a ƙirga.

A bayan zaure yana da gwangwanaye jere, kowanne da ruwan gishiri da guntayen ƙarfe a ciki. Duk sabon bututun da aka kawo shago, sai ya yanki ɗan guntu ya jefa ya bar shi ya yi kwanaki. Ni ke share wajen, don haka na san su. Akwai wadda masu sayarwa ke kira tu-o-wan, ita ce mai sauƙi, ta fi kowacce yawa a kasuwa. Baba yana ce mata mai kwalliya. Ita ce ke fara fitar da ɗige-ɗige ja kamar ƙuraje. Ya ce a cikin ɗaki inda ruwa ba ya zuwa ba ta da laifi. Akwai tiri-o-fo, wadda yake kira ta gida, ita yake sa wa a baranda da duk inda ruwan sama ke duka. Sai wani guntu guda ɗaya tak da ya zo da shi daga Ikko tun yana da ƙarfinsa, tiri-wan-sikis, ya ce ita ake sa wa a bakin teku, gishiri ba ya yi mata komai. Wannan guntun ba ya barin kowa ya taɓa. Kuma ya ce mayen ƙarfe ba ya raba mai kwalliya da ta gida, duka biyun zamewa yake yi, shi ya sa ake cutar mutane. Sai an goga musu giranda. Mai kwalliya takan watso tartsatsi birjik, ta gida kuwa kaɗan take bayarwa, gajeru.

Wata rana ina shara yana zaune yana magana, ban sani ba ko da ni yake ko da gwangwanayen. Ya ce silba fata gare ta, siririya, ido ba ya gani. In an karce ta, muddin iska na samunta, da kanta take warkewa. Amma in aka rufe ta inda ruwa ke kwanciya, iska ba ta shiga, to ciwo ya samu wurin zama. Kuma in aka haɗa ta da baƙin ƙarfe, ko aka yi mata walda da tsinken da ba nata ba, ta nan za a ci ta. Na ci gaba da sharata kamar ban ji ba. Amma na ji.

Yadda yake gwada aiki kuwa kowa ya sani a birni. Duk makarin baranda ko na matakala da aka gama kafawa, nasa ne ko na yaransa, ba a miƙa wa mai gida sai ya yi masa abu uku. Ya hauri gindinsa da ƙafa. Ya kama shi da hannu biyu ya jijjiga kamar zai tumɓuke shi. Sannan ya ja da baya ya zo a guje ya bangaje shi da kafaɗa. In a sama ne, sai a ɗaura masa igiya a ƙugu wani ya riƙe. Yakan ce, "Mutum ba a hankali yake faɗuwa ba. Wanda santsi ya kwasa ba sallama yake yi wa ƙarfe ba." In abin ya motsa, sai ya ce a miƙo guduma.

Na taɓa gani da idona, a gidan da ake ginawa kusa da namu. Wani yaron shagonsa ya kafa makarin matakala, Baba ya bangaje shi, ƙafa ɗaya ta ɗaga. Ya karɓi guduma ya hau dukansa tun daga sama har ƙasa, bututu na lanƙwashewa, ƙara na tashi har tantabarun unguwa suka watse. Mai gidan yana roƙo, "Malam, a gyara mana ƙafar kawai!" Ko kallonsa bai yi ba. Da ya gama ya juya kan wanda ya yi aikin, ya tsinke shi da mari ya faɗi, ya bi shi da tiyon ruwa yana zabga masa a gadon baya yana cewa, "Ɗan wa kake so ya mutu? Faɗa mini sunansa! Ɗan wa?" Ranar na kasa cin abinci. Na ce a raina wannan tsoho ba shi da imani. Har yau ban ce dukan daidai ne ba. Sai dai tambayar ta zauna mini.

Mutum ɗaya ce ba ta tsoronsa a duniya, 'yata. Ita ce 'yar farina, don haka ko sunanta ba na faɗi, kuma a gaban surukai ko faɗuwa ta yi ba na nuna na damu, sai dai in kau da kai wani ya ɗauke ta. Baba kuwa amaryarsa yake ce mata. In ya dawo daga shago zai tsaya a tsakar gida ya ce, "Ina amaryata? Yau ma ba a yi mini tuwo ba? To na sake ki." Ita kuma ta rugo tana "Ango! Ango!" ta kama gemunsa ta ja da ƙarfi. Ya ce, "Wayyo, mummunar mata, mai hanci kamar gindin murhu, za ta kashe ni." Guntun nan na Ikko da ba ya bari a taɓa, shi ya yanka ya lanƙwasa ya yi mata ɗan awarwaro. Ya daɗe yana goge shi da tsumma a zaure, da yatsunsa uku, don kada wani kaifi ya karce ta. Yana hannunta har yanzu.

Rigimarsa da maigidana a kan benen nan ta taso. Maigidana a hannunsa ya koyi aiki, ya sha dukan da ya fi na kowa, har ya girma ya buɗe nasa shagon. Da ya samu hali ya rushe ɗakin ƙasa na sashenmu ya ɗora bene na siminti, ya ce makarin baranda shi zai yi da kansa, ba ya son hannun kowa. Ranar da aka sauke bututun a zaure, Baba ya fito ya ɗauki ɗaya ya ƙwanƙwasa da makulli ya saurara. Ya sa aka jona giranda ya goga. Tartsatsi ya cika zauren.

Ya ce, "Mai kwalliya ka sayo wa barandar da 'yarka za ta taka?"

Maigidana ya ce, "Baba, ita kowa ke sawa yanzu. Duk garin nan ita ce."

"Duk garin nan ne za su kwana a benenka?"

"Ka bar ni in yi abu ɗaya a rayuwata ba tare da ka zo ka farfasa ba."

Baba ya wurga masa bututun. Maigidana ya goce, bututun ya samu madubin babur ɗinsa ya tarwatsa shi. Baba ya ɗaga hannu zai mare shi, sai maigidana ya cafke hannun a sama. Bai taɓa yi ba. Muna leƙe ta ƙofar cikin gida ni da Inna, na ji Inna ta ce, "Innalillahi." Suka tsaya a haka, hannu cikin hannu, kowa na huci. Maigidana ya ce, "Zamanin dukan nan ya wuce, Baba." Baba ya fizge hannunsa ya dube shi tun daga sama har ƙasa, ya ce, "Wallahi tallahi ƙafata ba za ta taka benen nan ba." Ya shige ɗakinsa.

Shi ya sa a duk aikin da ya fita daga gidan nan, namu ne kaɗai ba a taɓa gwadawa ba. Damina biyu ta wuce a kansa. A bakin barandar muke alwala, nan nake wanki da ruwan bilic, nan nake wanke fo ɗin yarinya, ruwan duk ya gangara gindin ƙarfen, kamar yadda ake yi a kowane bene. A gindin kowace ƙafa akwai ɗan murfi mai sheƙi kamar an kifa ƙoƙo, masu aikin suna ce masa hula, don ya rufe inda aka yi walda. Daga ƙarƙashin hulunan nan na fara ganin wani jan ruwa yana tsiyayowa a kan siminti. In na goge, bayan kwana biyu ya dawo. Zuwa wajen Baba kuwa in ce aikin ɗansa ya lalace, a matsayina na suruka, kuma a kan 'yar fari, bakina ba zai iya ba. Sai na ci gaba da ɗaure ta.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne. Ina girki, yarinyar ta yi ta fizga har kullin ƙafar gado ya kwance. Allah ya sa matakala ta nufa. Ta sauka tana jan zanin a bayanta, ta je ta faɗa jikin Baba a tsakar gida. Ya ɗaga rigarta ya ga shatin zani ya yi ja a ƙugunta.

Ban taɓa jin tsawa irin ta ranar ba. "Wa ya ɗaure ta? Ke! Sauko nan!" Karo na farko ke nan da ya kira ni kai tsaye. Na sauko na durƙusa. Ya ɗauki sandarsa ya maka wa randar da ke gefensa, ta fashe, ruwa ya malale har gwiwoyina. Ya ce, "Akuya ce? Akuya kika haifa mana? A gidana ake ɗaure mutum?" Inna ta fito tana ba shi haƙuri, ya daka mata tsawa ita ma. Sai na tashi na koma sama, na cire farin ɗankwalina, na ɗaga hula ɗaya da cokali, na cusa ɗankwalin na goge abin da ke ƙasa. Na sauko na ajiye a gabansa, na koma na durƙusa.

Ya ɗauka. Ya murza jan abin tsakanin yatsunsa, ɓarɓashi na zuba. Ya sansana. Sannan ya ce, a hankali, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun damina, Baba. Kuma ina jin ƙarfen yana ƙara."

Ya miƙa wa Inna yarinyar ya nufi matakala. Inna ta ce, "Malam, rantsuwarka!" Ko juyowa bai yi ba, ya ce, "A dafa abincin kaffara."

Maigidana yana zaure yana shirin fita, ya ji hayaniya ya shigo, ya bi Baba sama a guje. Ni ina ƙasa ina kallonsu. Baba ya bi hulunan yana ɓamɓare su da makulli yana wurgowa tsakar gida, suna faɗowa ƙwal, ƙwal. Ya tsuguna ya duba. Ya ce, "A kan baƙin ƙarfe ka dasa ta. Kuma da tsinken baƙin ƙarfe ka haɗa. Sannan ka kifa hula ka rufe."

Maigidana ya ce, "Na silbar ne ya ƙare mini ranar. Kuma ga shi nan tsaye, bai je ko'ina ba."

"Cire shi yau."

"Ba zan cire ba. Datti ne kawai, a goge a shafa fenti."

"Na ce ka cire."

"Wallahi ba zan cire ba, Baba. Duk abin da na yi sai ka ce bai yi ba. Wannan ƙarfen ko sa aka ɗaure a jikinsa zai riƙe."

Baba ya dube shi. Ya ce, "To ɗauko igiya ka riƙe ni."

"Ba zan ɗauko ba. Ka sauka ka bar mini aikina."

Na sha juya wannan wurin a raina. Baba ya san ƙarfen ya ciwu, ya fi kowa sani. Ina jin ya ɗauka ƙafa ɗaya ce za ta ɗaga, kamar yadda ya saba gani, ɗansa ya gani da idonsa ya daina musu. Kuma ya san ɗan nasa, jininsa ne, in ya rantse ba ya sauka sai abu ya karye a gabansa. Ya leƙo ƙasa ya ce mini, "Ke, shige da amaryata ɗaki." Na karɓe ta daga hannun Inna na tura ta ɗaki na ja ƙofa, na tsaya a bakin ƙofar.

Ya hauri gindin. Kowa ya ji ƙarar a wannan karon. Ya kama ya jijjiga, jan gari ya zubo. Maigidana ya ce, "Baba, ya isa, tsaya." Ina jin a lokacin ya yarda. Amma Baba ya riga ya ja da baya, kuma bai taɓa tsayawa a gwaji na biyu ba.

Ba ƙafa ɗaya ce ta ɗaga ba. Duka suka tsinke a tare, kamar an yanke su da wuƙa. Makarin ya taho gaba ɗayansa, Baba a kansa. Maigidana ya kai hannu ya cafki rigarsa, na ji ƙyaaat, hannun rigar ya rage a hannunsa. Baba ya faɗo a kan dakalin rijiya da gefen kansa da haƙarƙarinsa, ƙarfen ya biyo ya danne masa ƙafafu. Ƙarar da jikinsa ya yi ba zan iya rubuta ta ba. Jini ya fito ta kunnensa da bakinsa ya haɗu da ruwan randar da ya fasa, ya bi tsakar gida har gindin murhu. Inna ta yi ƙara ɗaya ta zube. Maigidana ban san yadda ya sauko ba, na dai gan shi yana ɗaga ƙarfen shi kaɗai, yana ihu, "Baba! Baba! Na cire! Wallahi na cire!"

Keke Napep ba ya shiga lungunmu. A tabarma maƙwabta suka ɗauke shi zuwa bakin hanya, ina biye da su ba ko takalmi. Kafin a sa shi a keke ya buɗe ido. Ya nemi ɗansa ya ce, "Daga gindi ya tsinke?" Maigidana ya ce, "Daga gindi, Baba." Ya ce, "Gida nawa ka yi wa haka?" Baba ya ce, "Ka bi su." Sannan idonsa ya zo kaina, ya ce, "Ki daina ɗaure ta." Daga nan sai kalmar shahada, yana yi jini na katse shi. Maigidana ya ce ko Ƙofar Galadima ba su kai ba ya cika a kan cinyarsa.

To wannan shi ne zafin zuciyar da ake faɗi. Yarinyar nan kullum sai ta yi lilo a jikin ƙarfen nan in ta kuɓuce mini, kuma kullum ƙara nauyi take yi. Da Baba bai hau ba, da fenti za a shafa.

Bayan sadakar uku, Inna ta dafa abincin kaffarar da ya ce, ta aika wa mabuƙata, ta ce ba za a bar shi da rantsuwa a wuya ba. Maigidana ya toshe ƙofar baranda da bulo. Ya ɗauki gudumar Baba ya fita. Gida-gida yake bi, duk inda ya san ya yi irin wannan haɗin, ya yi sallama ya ce a ba shi izini ya ɗaga hula. Wasu sun yarda. Wasu sun ce ya haukace tun mutuwar ubansa. A wani gida samari suka taru suka yi masa duka suka jefo shi waje, ya dawo ido a kumbure, washegari ya koma. Ba ya magana sosai yanzu. Baffa har yau ba ya amsa gaisuwarsa.

Namu makarin an sake shi da ta gida, gindi da tsinke duk na silba, kuma ba hula, waldar a fili take kowa na gani. Ranar da aka gama, mutumin nan na Tudun Jukun ya zo ya ɗaura wa maigidana igiya a ƙugu ya riƙe. Maigidana ya hauri gindin, ya jijjiga, ya ja da baya ya bangaje shi da kafaɗa har sai da ya faɗi zaune. Ƙarfen bai ce komai ba. Na kasa kunne sosai, ban ji komai ba. Ranar na kwance zanin daga ƙafar gado na wanke shi.

Yarinyar takan tsaya a barandar ta kama ƙarfen ta leƙa tsakar gida ta ce, "Ina ango?" Inna ce ke amsa mata. Ni kau da kai nake yi.

Abin da nake roƙon wanda ya karanta wannan guda biyu ne. In akwai makarin silba a benenku, ko a makarantar da 'ya'yanku ke zuwa, ku je yau ku ɗaga 'yar hular da ke gindinsa ku duba. In kun ga ja, ku kwashe yara daga wurin, ku kira mai walda ya cire. Kada wanda ya gwada da jikinsa, an riga an gwada mana. Sannan ku yi wa Baba addu'a, Allah ya yafe masa dukan da ya yi, ya haskaka kabarinsa.